Bargon Spider-Man da kwarashi: ta ina mai koyo za ta kama?

Maman_Walid
Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Shawara nake nema. Yarona mai shekara 6 ya matsa mani sai na saƙa mashi bargon Spider-Man kafin sanyin bana ya shigo. Ni kuwa ban yi nisa a kwarashi ba. Na iya sarƙa, na iya gajeren ɗauri da dogon ɗauri, na yi hular jarirai da safa, iyakata ke nan. Na ga wani bargo a YouTube mai fuskar jarumin gaba ɗaya, da fararen idanun nan da zanen yanar gizo-gizo, ya yi kyau ƙwarai, amma da matar ta juya bayan aikin na ga zaruruwan da ke reto sai gabana ya faɗi. Mai koyo irina za ta iya wannan, ko da wata hanya mai sauƙi? Wane zare zan saya, curi nawa, kuma kwarashi mai lamba nawa? A cikin garin Katsina nake.

Ummi_Kaita
Wa alaikumus salam. Ina biye da ku, nawa yaron Batman yake so.

Hajiya_MaiKwarashi
Wa alaikumus salam Maman Walid. Ki ajiye maganar fuska tukuna, 'yata. Ba wai ba za ki iya ba wata rana, za ki iya. Amma na koyar da mata saƙa da dama, kuma waɗanda suka fara da babban hoto yawancinsu aikin yana nan cikin leda, an yi rabi an gaji.

Abin da yaro yake ganewa launi ne da tambari. Ja da shuɗi da baƙin zanen yana, tun daga ƙofar ɗaki zai ce Spider-Man ne. Baƙi da rawaya Batman. Kore da shunayya Hulk. Shuɗi da ja da rawaya Superman. Tau, ki saƙa gidaje masu kusurwa huɗu, kowanne santimita 20, wasu ja wasu shuɗi. Ki jera 5 a faɗi, 6 a tsawo, gida 30 ke nan, bargon zai fito santimita 100 da 120. Ya ishi ɗan shekara 6 har ya ƙara tsawo.

Kada ki yi gidan nan mai manyan ramuka da muke yi wa shawul ɗin jarirai. Ki yi cikakke: dogon ɗauri a kowane ido, in kin zo kusurwa ki yi dogo 2, sarƙa 2, dogo 2 a wuri ɗaya. Idan gida ɗaya ya karkace, shi kaɗai za ki warware. Ga shi yana shiga jaka, ki tafi da shi gidan biki ko layin asibiti. Sannan a zafin nan da ake yi bayan damina ba wadda za ta so ta zauna da rabin bargo a cinya.

In kin gama gidajen, ki ɗauki baƙin zare da babbar allura ki zana yana a kan jajayen. Layi 8 daga tsakiya, huɗu zuwa kusurwa, huɗu zuwa tsakiyar gefe, sannan ki bi ki haɗa su da 'yan layuka masu ɗan lanƙwasa, zagaye biyu ko uku. Shuɗɗan ki bar su haka nan.

Zee_Daura
Hajiya Allah ya ƙara girma, amma ni a nan na ɗan saɓa. Irin wanda ta gani a YouTube saƙar kusurwa zuwa kusurwa ce, wadda suke rubutawa C2C, kuma wallahi ba ta da wuya. Duk wadda ta iya sarƙa da dogon ɗauri ta iya ta. Sarƙa 6, sai ki koma ido na 4 daga kwarashi ki yi dogo, ki yi a na 5, ki yi a na 6. Ƙwaya ɗaya ke nan. Daga nan kowace ƙwaya sarƙa 3 ce da dogo 3, kina hawa a karkace kamar yadda hoton ya nuna. Hoton kuma a takarda mai gida-gida yake, kowane gida ƙwaya ɗaya. Da ita na fara bargo kuma na gama. Kada mu riƙa tsorata masu koyo.

Hajiya_MaiKwarashi
Zee, ƙwayar ba ita ce wahalar ba, na yarda da ke. Bargon da kika fara da shi launi nawa ne?

Zee_Daura
Biyu ne Hajiya, tsiri-tsiri.

Hajiya_MaiKwarashi
Kin gani. Tsiri-tsiri sai an kai ƙarshen layi ake sauya zare. Fuskar nan kuwa, in kika shiga wajen idanu, a layi ɗaya za ki wuce ja, baƙi, fari, baƙi, ja, baƙi, fari, baƙi, ja. Kowanne da nashi ɗan curin yana reto, kuma duk juyawar aiki sai sun harɗe. Abin da ya faɗar mata da gaba ke nan, kuma da gaskiyarta.

Malama_Lissafi
Bari in sa maku lissafi a gaba, kowa ta zaɓa. Da zare mai matsakaicin kauri da kwarashi milimita 5, ƙwayar C2C takan fito kusan santimita 2. Bargo mai 100 da 120 zai ci ƙwaya 50 a faɗi, 60 a tsawo, jimla 3,000. Kowace da dogo 3, dogon ɗauri 9,000 ke nan ban da sarƙoƙi, a layi 109 na karkace. Ban faɗa don a karaya ba, gida 30 ɗin Hajiya ma dubban ɗauri ne. Bambancin shi ne a C2C kuskuren ƙwaya ɗaya a layi na 40 ba za ki gan shi ba sai idon jarumin ya fito a shanye, sannan ki warware duk abin da ya biyo baya.

Maganar curi nawa kuma, Maman Walid, ba wadda za ta iya faɗa maki daga nan, don curi ya bambanta, hannu ma ya bambanta. Ki sayi ɗaya, ki saƙa gida ɗaya cikakke, ki ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na masu yin kek. Misali in ya yi giram 25, sau 30 giram 750 ke nan. Ki ƙara kamar 150 na haɗi da bakin bargo. Sai ki duba giram nawa aka rubuta a takardar curin ki raba.

Maman_Walid
Na gode ƙwarai, Hajiya, Anti Zee, Malama. Wannan dabarar sikelin ban taɓa jin ta ba. Maƙwabciyata tana da shi.

Anti_MaiUlu
Ni zare nake sayarwa, don haka bari in yi magana a kan abin da na sani. Ulun da ya cika kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, dangin roba. Don bargon yaro shi ya fi: yana da araha, yana wankuwa, bai cika zuba ba. Siririn nan da ake yi wa jarirai kaya da shi, in za ki yi bargo ki haɗa zare biyu ki riƙe tare, da kwarashi 4.5 ko 5. In kin samu mai kauri, zare ɗaya ya isa. Kwarashin ƙarfe siriri na saƙar bakin mayafi ki ajiye shi, da shi sai ki shekara ba ki gama ba.

Abu mafi muhimmanci: da zarar kin gama lissafi, ki sayi duk jan da kike buƙata a rana ɗaya, daga leda ɗaya. Zaren da ke da takarda, akwai lambar rini a jiki, ki tabbata duk iri ɗaya ce. Ja ba ɗaya ba ne. A cikin shago za ki ga kamar daidai suke, sai kin shimfiɗa a tsakar gida da rana ki ga wani ya ɗauki ruwan tumatir wani ya yi duhu. In babbar kasuwa ba ta da yawan da kike so a launi ɗaya, gara ki ba mai zuwa Kano saƙo da guntun zaren a hannu, a kawo maki gaba ɗaya.

Bilkin_Mashi
Wannan gaskiya ne. Wani mai shago ya rantse mani cewa shuɗin da ya kawo daga baya shi ne dai na farko, na yarda na biya. Sai da na haɗa rigar na ga hannu ɗaya ya fi jiki haske, kuma ya ce ba ya karɓar abin da aka warware.

Baban_Sadiq
Ku yi haƙuri da shigowar namiji cikin zancenku, matata ce ke saƙa, ni nake sayo mata kaya. Tambayata ta wani ɓangare ce. Bargo mai fuskar mutum ko surar jemage, ya halatta yaro ya lulluɓa da shi a ɗakin da ake salla? Ban ce haram ba ne, tambaya nake.

Abu_Hafsa
Tambaya mai kyau, Baban Sadiq. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya labule mai hotuna, Annabi (SAW) ya nuna rashin amincewa, sai aka yanka shi aka yi matashin kai da shi. Daga nan malamai da yawa suka bambanta abin da ake ratayewa ana ɗaukakawa da abin da ake takawa ko ake zama a kai. Wasu kuma sun tsananta a kan ƙirƙirar surar mai rai da hannu ko a ina za a sa ta. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Sai dai ku lura, shawarar Hajiya ta launi da zanen yana ba ta da surar mai rai ko kaɗan.

Ummi_Kaita
Ni ga matsalata nan, tambarin Batman jemage ne.

Hajiya_MaiKwarashi
Ummi, in zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yi baƙi da rawaya da ruwan toka, ki sa rawaya a bakin bargon. Ko ki tambayi yaron ko zai karɓi garkuwar Captain America, ita ba ta da komai sai da'ira da tauraro, kuma ta fi duka sauƙi ga mai koyo.

Inna_Daurawa
Ni dai ina karantawa ina mamaki. Mu da muka tashi da gwado da luru na masaƙanmu, yau jikokinmu sai bargon wani bature mai rufe fuska. Jarumai sun ƙare mana ne? Ga rijiyar Kusugu nan a garinmu, kowa na zuwa ya gani. Maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya zo cikin dare ya sare kansa, sarauniya Daurama ta aure shi. Wane yaro ne zai ji wannan bai so ba? Ba mu gaya masu ba ne kawai. Ku Katsinawa kuma kuna da Sarki Korau da takobinsa Gajere. Da ni ce, takobi da rijiya zan saƙa wa yaron.

Zee_Daura
Inna, ran ki ya daɗe, kin ba ni aiki. Takobi a takarda mai gida-gida ba shi da wuya ko kaɗan: dogon layi fari, gajeren layi rawaya a giciye, marfi baƙi. Launi uku a kan fili ɗaya. Rijiya da'ira ce baƙa da zobe ruwan ƙasa. Har dagin Arewa ana iya fitarwa, ko da yake shi sai hannu ya faɗa, saboda layukansa suna shiga ƙarƙashin juna.

Sagir_KT
Inna tana da gaskiya, amma a yi wa yaran adalci. Ba jiya aka fara waɗannan jaruman ba. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962 daga hannun Stan Lee da Steve Ditko. Shekaru sama da 60 ana zana shi, ana fim, ana buga shi a jakar makaranta da robar abinci da takalmi. Yaro ya buɗe ido ya gan shi ko'ina. Bayajidda kuwa sai a littafin makaranta ko bakin kaka. Ba laifin yaron ba ne in ya nemi abin da yake gani. In muna so su nemi namu, sai mu sa shi a kan kayan da suke taɓawa, kuma ga masu saƙa nan.

Inna_Daurawa
Tau, ai abin da nake faɗa ke nan, ɗana. Gizo ma namu ne tun kafin nasu, da shi da Ƙoƙi.

Bilkin_Mashi
Inna, Gizonmu fa wayo ne da kwaɗayi, ba ya ceton kowa. Ba na jin Maman Walid za ta so yaron ya ɗauke shi abin koyi.

Maman_Walid
Inna na ji maganarki kuma ta shige ni. Amma alkawari na riga na yi mashi, kuma yaro ba ya mantuwa. Abin da nake tunani, tunda gida-gida ne, in sa takobi a kusurwoyi huɗu, in ba shi labarin in ya tambaya. Ko zai ɓata tsarin?

Malama_Lissafi
Ba zai ɓata ba in filin gidan shuɗi ne kamar sauran. Ki saƙa takobin daban ki ɗinka a kai, kada ki ce za ki fitar da shi cikin saƙar.

Nas_Hadiza
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abu biyu nake so in ƙara, don na ga ba a taɓo su ba.

Na farko wuta. Anti ta faɗa cewa zaren nan dangin roba ne. Ba ya ci kamar auduga ya zama toka, narkewa yake ya manne a fata. Lokacin da za a yi amfani da bargon nan, Disamba da Janairu, shi ne lokacin da muke shigar da kaskon garwashi ɗaki, yara kuma suna fitowa da asuba a lulluɓe su tsuguna bakin murhu. Duk hunturu muna karɓar yara masu ƙuna. Don Allah a gaya wa yaro bargon na kan gado ne, ba a zuwa jin ɗumi da shi. Maganin sauro na kunnawa ma a nisanta shi. Shi kansa garwashin ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki.

Na biyu, ga masu son yi wa jarirai. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a so a bar shi ya yi barci da sakakken bargo da zai iya rufe mashi fuska. Kuma saƙa mai manyan ramuka tana kama yatsu, zare ɗaya da ya zare yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini wucewa. Kada a sa maɓalli ko duwatsu a matsayin idanu, komai a ɗinka da zare. Ɗan shekara 6 ba shi da wannan matsalar, amma in yana da ƙani a goye a kula.

Baban_Sadiq
Allah ya saka da alheri, Nas. Wannan zan karanta wa mutanen gida yau.

Anti_MaiUlu
A kan maganar zafi kuma, kada dutsen guga ya taɓa shi, ko na wuta ko na gawayi. Nan take zai lafe ya yi ƙyalli, ba ya dawowa. Wanki da ruwan sanyi, a matse a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a tabarma a inuwa. In aka rataya shi a igiya da ruwa a jiki, nauyin zai ja shi ya yi tsawo ta gefe ɗaya.

Rukky_Jibiya
Don Allah ni bahaguwa ce. Duk bidiyon da na kalla da dama suke yi, ina rikicewa. Akwai abin da zai canza a wannan bargon?

Zee_Daura
A gida-gida babu, juyin ne kawai zai koma ɗaya ɓangaren. Akwai bidiyon bahagwai, ki nema. A C2C ne za ki kula, in hoton yana da harafi kamar S ɗin Superman, ki tabbata kin san fuskar da za ta zama gaba tun daga farko, kada ya fito a juye. Sannan ku duka masu kallon bidiyo ku kula da wani tarko: sunayen ɗauri na Amurka da na Ingila ba ɗaya ba ne. Abin da 'yan Amurka ke kira dobul shi ne dogonmu, amma a wajen 'yan Ingila dobul gajeren ɗauri ne. Ki kalli hannun mai koyarwar: in ta naɗa zare a kwarashi kafin ta soka, dogo ne.

Ummi_Kaita
Hajiya, na tambaye shi, ya yarda da garkuwar. Yaya ake da'irar? Duk wadda na gwada sai gefenta ya ɗago.

Hajiya_MaiKwarashi
Ƙari ne bai isa ba. Da dogon ɗauri, zagayen farko dogo 12. Na biyu 24, wato biyu a kowane ido. Na uku 36, ɗaya a ido, biyu a na gaba. Na huɗu 48. Kowane zagaye ki ƙara 12, ba ragi ba daɗi. In gefe ya ɗago kin rage, in ya yi tattara kin yi yawa. In lissafin ya yi daidai za ta kwanta shar kamar faifai. Tsakiya shuɗi, sai ja, sai fari, sai ja a waje. Farin tauraro mai tsini 5 ki saƙa shi daban ki ɗinka. In ta fara girma ki riƙa gusar da wurin ƙarin daga zagaye zuwa zagaye, in ba haka ba za ta fito da kusurwoyi.

Maman Walid, wannan ma hanya ce gare ki in kina son bargo zagayayye. Ke sai ki bar ƙarin yana hawa kan juna da gangan, zai fitar maki da layuka 12 daga tsakiya, ki bi su da baƙin zare, yana ta fito da kanta.

Zee_Daura
Hajiya, ai wannan ma babban aiki ne guda ɗaya a cinya, irin wanda kika hana ta.

Hajiya_MaiKwarashi
Haka ne, shi ya sa ban fara kawo shi ba. Amma launi ɗaya ne a hannu a kowane lokaci.

Fati_Sana'a
Ni tambayata ta kasuwa ce. In na iya, zan iya saƙawa in riƙa sayarwa a Instagram? Na ga iyaye suna so.

Sagir_KT
Ki sani dai waɗannan jaruman suna da masu su. Spider-Man da Hulk da Captain America na kamfanin Marvel ne, wanda Disney ta saya a 2009. Batman da Superman na DC ne. Yi wa ɗanki a gida daban, tallata kaya da sunansu da tambarinsu daban, kuma shafukan sayarwa sukan sauke kaya in mai haƙƙi ya kai ƙara. Haka zanen da wata ta wahala ta tsara take sayarwa, ba daidai ba ne a saya sau ɗaya a raba wa zaure gaba ɗaya. A nan shawarar Inna ta fi riba, takobi da rijiya gadon kowa ne.

Anti_MaiUlu
Fati, kafin ki kai ga wannan, ki fara lissafa kuɗin zare da makonnin da za ki yi, ki kwatanta da farashin bargon kanti mai hoton iri ɗaya. Yawancin masu tambaya da sun ji kuɗin sai su yi shiru. Hula da jakar makaranta sun fi fita.

Maman_Walid
Na dawo. Na sayi curi ɗaya ja na gwada gida biyu jiya da dare da yau da safe. Ɗaya ya fito 20, ɗaya 18 da rabi, alhali zagayensu ɗaya. Kuma inda nake haɗa zagaye akwai wani layi da yake tafiya a karkace. Baƙin zaren kuwa da na gwada zana yanar da shi a hasken fitilar waya, ko ramin allura ba na gani.

Hajiya_MaiKwarashi
Masha Allah, kin fara. Bambancin girma daga riƙon zare ne, wani lokaci kina matsewa wani lokaci kina saki. Duk mai koyo haka take, hannu zai daidaita. Ki yanki kwali mai santimita 20, duk gidan da kika gama ki ɗora a kai. Wanda ya gaza da kaɗan ki zagaye shi da gajeren ɗauri layi ɗaya, ya cike. Kada ki sauya kwarashi a tsakiyar aiki.

Layin karkacen kuma, sarƙa 3 da kike farawa da ita ana lissafa ta a matsayin dogo ɗaya, kuma a kan sarƙa ta uku ake rufewa. Ki ɗaura guntun zare mai wani launi a wurin don kada ki ɓata, kuma ki ƙirga kowane gefe in kin gama zagaye, huɗun su zo daidai. In kina juya aikin bayan kowane zagaye, karkatar tana raguwa sosai.

Bilkin_Mashi
Baƙin zare aikin rana ne. Ki zauna a inuwar tsakar gida da hantsi, ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinya. Da dare ki yi ja da shuɗi. Kuma kada ki ja zaren yanar da ƙarfi, gidan zai tattare.

Malama_Lissafi
Jelar zare fa. Gida 30, kowanne aƙalla jela 2, ga na yana, sun haura 100. Ki bar kowace ta kai santimita 15, ki sa a allura ki bi cikin saƙar gaba, ki dawo baya, ki sake komawa, sannan ki yanke. Ƙulli kaɗai yana kwancewa a wanki. Ki riƙa yi duk gidan da kika gama, kada ki tara. In kina yin gida ɗaya a rana wata guda ne, ki ba haɗi da baki mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, in Disamba kike hari to ki kama yanzu.

Inna_Daurawa
Takubban nan huɗu dai kada a manta da su.

Maman_Walid
Ba zan manta ba Inna. Gidan ya yi giram 27 a sikeli. Saura haɗi: da allura zan ɗinke su ko da kwarashi?

Hajiya_MaiKwarashi
Da allura, ta baya, da jan zare. Haɗin zai kwanta, ba zai dami yaro ba in ya kwanta a kai.

Zee_Daura
Ni da kwarashi zan ce, ta gaba, gajeren ɗauri da baƙin zare. Zai yi tudu kaɗan, amma baƙaƙen layukan za su bi tsakanin gidaje su haɗe da zanen yanar, bargon gaba ɗaya ya zama abu ɗaya. Kuma ya fi jure jan yara.

Anti_MaiUlu
In na Zee za ki bi, ki ƙara baƙi curi biyu a lissafinki, haɗin kwarashi yana cin zare.

Rukky_Jibiya
Anti Zee, in kin zana takardar takobin nan don Allah ki ɗora mana a nan. Gida nawa da nawa za ki yi ta?

Zee_Daura
Ina gwada 9 a faɗi 25 a tsawo, amma marfin bai yi mani ba tukuna. Wanda ya taɓa ganin Gajere da kyau a hawan salla ya faɗa mani yadda kubensa yake.